Muhawara a zauren malamai: me ke nuna matakin tunanin da manufar darasi take nema?

Ɗalibar kwalejin ilimi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena malamai. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, kuma a wannan zangon an tura ni gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare, inda nake ɗaukar darasin tarihi. A shirin darasina na rubuta manufa kamar haka: "A ƙarshen darasi, ɗalibai za su fahimci dalilan da suka jawo jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804." Malamin da ya zo duba mu ya soke kalmar "fahimci" da jan biro, ya rubuta "lissafo" a samanta, sannan a gefen takardar ya ce manufofina duka a matakin ƙasa suke, in riƙa hawa matakan sama na tsarin Bloom, wato tsarin da ya jera matakan tunani daga ƙasa zuwa sama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a jadawalin da aka raba mana a kwaleji lissafowa tana mataki na ɗaya, fahimta kuwa tana na biyu, wato da hannunsa ya sauko da ni ƙasa, kuma shi ne yake cewa in hau sama. Ina roƙon a warware mini wannan, domin zai sake zuwa kafin ƙarshen wata.

Malami a kwalejin ilimi

Wa alaikumus salam, Malama. Gyare-gyaren nan biyu da aka yi miki daga tushe biyu suka fito, kuma mu masu koyar da darussan ilimi mun saba cakuɗa su kamar abu guda, shi ya sa kika ga suna karo da juna.

Tsarin da ake jingina wa Benjamin Bloom ba don shirin darasin malamin aji aka fara yin sa ba. A 1948, a wani taron masana halayyar ɗan Adam da aka yi a birnin Boston na Amurka, wasu masu shirya jarrabawa a jami'o'i suka ga suna bukatar hanya guda ta rarraba tambayoyi, yadda wata jami'a za ta iya aron tambayar wata tana da tabbacin cewa abu ɗaya suke aunawa. Bloom, wanda yake Jami'ar Shikago, shi ya jagoranci aikin, suka yi ta zama shekara bayan shekara har littafin ya fito a 1956 ɗauke da sunayen mutum biyar, ciki har da David Krathwohl. Matakai shida suka jera: sani, fahimta, aiwatarwa, ƙalailaicewa, harhaɗawa da tantancewa. A 2001, shekara biyu bayan rasuwar Bloom, sai Lorin Anderson, wanda ɗalibinsa ne, da Krathwohl da abokan aikinsu suka fito da gyararren tsari, inda matakan suka zama tunawa, fahimta, aiwatarwa, ƙalailaicewa, tantancewa da ƙirƙira. Ki lura cewa fahimta tana nan daram a tsari na farko da na biyu, don haka ba Bloom ne ya hana ki rubuta ta ba.

Wanda ya yi fice da hana malamai rubuta "za su sani" da "za su fahimta" shi ne Robert Mager, a wani ɗan littafi da ya fitar a 1962. Damuwarsa ba tsayin mataki ba ce, damuwarsa ita ce a rubuta abin da za a iya gani a auna, domin fahimta a cikin kai take, malami ba zai leƙa ya gan ta ba. Ya ce kyakkyawar manufa ta faɗi abu uku: abin da ɗalibi zai yi, a wane hali zai yi shi, da kuma gwargwadon da za a karɓa a ce ya iya. To da malaminki ya soke "fahimci", ƙa'idar Mager ya bi, da ya ce ki hau sama kuwa, ta Bloom ya bi. Inda aka samu tangarɗa shi ne aikatau ɗin da ya zaɓa. A tsarin 2001 an feɗe fahimta zuwa ayyuka bakwai da ake iya gani: ɗalibi ya faɗi abu da kalmominsa, ya kawo misali, ya rarraba, ya taƙaita, ya gano abin da ba a faɗa ba daga abin da aka faɗa, ya kwatanta abu biyu, ko ya bayyana sanadi. Da ɗaya daga cikin waɗannan aka ɗora a gurbin kalmarki, da an gamsar da Mager ba tare da an sauko da ke ba.

Malamin lissafi na babbar sakandare

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina tsoron kada ƙanwarmu ta tafi da zaton cewa maganin shi ne ta canza aikatau. Jadawalin aikatau ɗin nan da ake raba wa ɗalibai a kwalejoji, wanda ke cewa "ambaci, lissafo, nemo" na ƙasa ne, "bayyana, kwatanta" na tsakiya, "tantance, tsara" na sama, a ganina ya fi ɓata shirin darasi fiye da gyara shi. Idan Malama ta rubuta "za su bayyana dalilan jihadi", sannan ta shiga aji ta rubuta dalilai biyar a allo da bayaninsu, yara suka kwafa, gobe ta ce su bayyana, to tunawa kawai ta auna, ko da wace kalma ta rubuta a takarda.

Bari in kawo misali daga fagena. Na koya wa yara lissafin riba, na yi musu misali a allo: ɗan kasuwa ya sayi buhun gero naira 40,000 ya sayar 46,000, ribarsa 6,000, wato kashi 15 cikin ɗari. Idan na kawo wannan tambayar da alƙalumanta a jarrabawa, tunawa ce. Idan na canza alƙaluman, ya zama aiwatarwa, amma mafi sauƙinta, domin hanyar da aka share masa yaro zai bi. Yanzu ga wata: mudun shinkafa naira 2,000 ne, ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, bayan wata guda ya sauka da kashi 20 cikin ɗari, wani ɗalibi ya ce farashin ya koma 2,000, nemo inda ya kuskure. Yaron da zai amsa wannan sai ya gane cewa kashi 20 na farko an ɗauke shi daga 2,000, na biyu kuwa daga 2,400, shi ya sa farashin ya tsaya a 1,920. Binciken aikin wani da gano aibinsa tantancewa ce, mataki na biyar, ga shi kuma da "nemo" na yi tambayar, wadda jadawalin ya ajiye a can ƙasa. Matakin yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da aka koya wa yaro da abin da aka nema daga gare shi.

Malami a kwalejin ilimi

Haka yake, Malam, kuma su masu littafin 1956 da kansu sun ja kunne a kan wannan. Sun nuna cewa ba a iya sanya tambaya a mataki sai an san abin da aka riga aka koya wa wanda zai amsa ta, domin tambaya guda tana iya zama warware matsala ga wani, ta zama tunawa ga wanda ya taɓa ganin amsarta. Dogayen jerin aikatau da suke yawo a takardun kwaleji da intanet, na baya ne suka tattara su don sauƙaƙa wa malamai.

Tsohon sufeton makarantu

Na daɗe ina karanta ku, 'ya'yana, kuma ban ƙi abin da malamin lissafi ya faɗa ba, sai dai ina so a yi wa jadawalin nan adalci. Mu da muka yi yawon duba makarantu mun san irin shirin darasin da muke tararwa kafin wannan tsari ya zauna a zukatan malamai. Malami zai rubuta a gurbin manufa, "zan koya wa yara kogunan Nijeriya", shi ke nan. Manufar a kan malami take, ba a kan yaro ba, kuma idan ya yi magana minti arba'in, a wurinsa ya cika alkawari, ko da babu yaro ɗaya da zai iya nuna inda Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Da aka tilasta masa ya fara da "a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya", ya kuma biyo da aikatau da ido ke gani, sai dole ta sa ya tambayi kansa abin da yaro zai fita da shi. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma shi ya sa har yau idan kuka buɗe manhajar NERDC, hukumar da take tsara manhajar karatu a Nijeriya, za ku ga an ware wa manufofin aiki gurbi nasu kusa da abin da za a koyar, da ayyukan malami, da na ɗalibi, da yadda za a auna.

Sabon malami yana bukatar abin dafawa. Wanda ya yi shekara ashirin a aji yana iya jefar da jadawalin ya dubi tazarar da kake magana a kai, amma yarinyar da ta shiga aji watan jiya, idan ka ce mata aikatau ba ya nufin komai, ka bar ta ba ta da na farko ba ta da na biyu. Ni shawarata gare ki, 'yata, ki riƙe jadawalin, amma duk manufar da kika rubuta, ki rubuta tambayar da za ki auna ta da ita a ƙarƙashinta nan take, sannan ki duba ko amsar tambayar tana cikin abin da za ki rubuta a allo. Idan tana ciki, to tunawa ce, ki kira ta da sunanta, babu abin kunya a ciki.

Malamin Islamiyya

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganarku ta ƙarshe ita ce ta sa na shigo, domin ni abin da ke damuna da tsarin nan shi ne yadda ake amfani da shi ana raina hadda. An taɓa kiran mu bita, mai gabatarwa ya nuna mana zanen dala mai hawa shida, tunawa a gindi, ƙirƙira a ƙoli, ya ce zamanin hadda ya wuce, a bar yara su yi tunani. Na ce masa su yi tunani da me? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku dubi ilimin rabon gado. Rabon da aka ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Matar mamaci tana samun rubu'i idan bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni idan ya bari. Wanda bai haddace waɗannan da masu su ba, ba zai iya raba ko akuya ba. Amma malaman zaure ba a nan suke tsayawa ba. Bayan almajiri ya haddace, malam ya fassara masa, sai ya jefo masa mas'alar da ba ta cikin littafi, ya ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu da ƙane, raba mu gani. Idan ya raba, sai a ce wa na kusa da shi ka yarda ko ba ka yarda ba, me ya sa. Wannan ai shi ne aiwatarwar da tantancewar da kuke faɗa, sai dai babu wanda ya yi tsallake ya bar haddar a baya. Tambayata ga masana a nan ita ce, shin Bloom da kansa ne ya ce tunawa ƙasƙantacciya ce?

Malami a kwalejin ilimi

Allah ya gafarta Malam, bai faɗa ba. Zanen dalar nan ba ya cikin littafin 1956, daga baya masu bita da masu rubuta littattafan horar da malamai suka yaɗa shi. A littafin an ba sani fili mai faɗi, an rarraba shi daga sanin kalmomi da ɗaiɗaikun bayanai, zuwa sanin hanyoyi da ƙa'idojin aiki, zuwa sanin manyan ƙa'idoji da ra'ayoyin fanni, kuma dalilin sanya shi a farko shi ne sauran duka a kansa suke tsayawa. Abin da ya dame su shi ne jarrabawa takan tsaya a nan ba ta wuce ba.

Amma akwai wurin da zan ɗan saɓa maka. Tsarin farko ya ɗauka cewa matakan a jere suke, sai an ƙware a na ƙasa za a iya na sama, masu gyaran 2001 kuwa sun sassauta wannan, domin a aji abin ba ya tafiya a miƙe haka. Sau da yawa yaron da aka ba matsala ya yi ta fama da ita shi ne yake riƙe ƙa'idar fiye da wanda aka ce ya haddace ta tukuna. Haɗarin cewa sai an gama hadda a wuce gaba shi ne, a makarantun bokonmu ba a gama ta har zango ya ƙare, sai a bar yara a mataki ɗaya daga aji ɗaya zuwa aji shida. Almajirin da ka kwatanta ya ci sa'ar malamin da ya san lokacin jefo mas'ala.

Malamar kimiyya

Ina so in amsa wani abu da ba a faɗa ba amma na san yana ran da yawa daga cikinmu, wato cewa matakan sama sai makarantar da take da ɗakin gwaji da yara ashirin a aji. Ajina ya haura tamanin, wasu a ƙasa suke zama, kuma duk kayan aikina alli ne da allo. Duk da haka a darasin ƙafewar ruwa ina iya taɓa matakai huɗu cikin mako guda. Rana ta farko yara su faɗi abin da ƙafewa take nufi, su kuma san cewa ruwa idan zai zama tururi yana jan zafi daga abin da yake jikinsa. Rana ta biyu, ba tare da na taɓa ambaton randa ba, sai in tambaya me ya sa ruwan randa ya fi na jarkar roba sanyi, alhali a inuwa ɗaya suke. Kowannensu ya sha ruwan randa, kowannensu ya taɓa jikinta ya ji danshi, amma sai kaɗan suke haɗa danshin nan da abin da muka karanta jiya, kuma kafin su haɗa ana shan gardama. Daga nan sai in ce, idan aka shafe bayan randar da fenti me zai faru, kuma a wane lokaci randa ta fi sanyaya ruwa, da hunturu ko da tsakiyar damina. Mai amsa waɗannan sai ya gane cewa ƙananan ƙofofin jikin yumɓu da bushewar iska su ne suke aikin.

A ƙarshen mako nakan raba su ƙungiya-ƙungiya su zana hanyar adana tumatir ba tare da wutar lantarki ba. Sai sun gama kawo nasu nake ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a ƙauyukan Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Da zan fara ba su labarin, da zanen da za su kawo mini kwafi ne kawai, kuma da na rubuta "ƙirƙira" a shirin darasi na auna tunawa. Saboda haka ina tare da malamin lissafi, har da ƙari: wani lokaci abin da ke ɗaga matakin darasi shi ne abin da malami ya haƙura bai faɗa ba.

Malamin firamare daga Maraɗi

Ina gaida malamai baki ɗaya. A nan Nijar ma mun sha wannan karatu, ko da yake ta hannun Faransanci ya iso mana. An horar da na gabanmu da koyarwa bisa manufofi, daga baya aka zo da maganar ƙwarewa, kuma mun saba raba abin da ake so yaro ya samu gida uku: abin da ya sani, abin da ya iya yi, da halin da ya ɗauka. Wani abu da ban ji kun taɓo ba shi ne harshe. Yaron da yake koyon karatu da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko, ko da Ingilishi a wajenku, yana iya gane dalilin abu sarai amma ba shi da kalmomin da zai bayyana shi, sai ya fake da jimlar da ya haddace daga allo, domin ita kaɗai ce ya tabbata ba za a yi masa dariya a kanta ba. Mushe, wato malamin aji, ya duba takarda ya ce yaron nan bai wuce tunawa ba. Ni kuwa idan na sake yi masa tambayar da Hausa, sai in ji ya kawo misali, ya kwatanta, har ya yi mini musu. To a wane mataki zan rubuta shi? Ina ganin duk mai son auna matakin tunani a ƙananan azuzuwa, wajibi ne ya raba tsakanin rashin tunani da rashin harshe, in ba haka ba zai zalunci yara da yawa.

Ɗalibar kwalejin ilimi

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sake rubuta manufofin bisa shawarar Baba, kowace da tambayarta a ƙasa. Ta farko, ɗalibai za su iya lissafo dalilai huɗu na jihadin. Ta biyu, za su iya rarraba dalilan zuwa na addini, na siyasa da na tattalin arziki. Ta uku, za su iya bayyana da kalmominsu yadda matsin da jama'ar Shehu suka fuskanta daga sarakunan Gobir ya kai su ga yin hijira daga Degel zuwa Gudu. Ina neman gyara.

Tsohon sufeton makarantu

Madalla, 'yata, yanzu kin rubuta abin da za a iya dubawa. Amma ki buɗe littafin da yaran suke karantawa ki gani. Da yawa daga littattafan tarihi sun riga sun jera dalilan nan a ƙarƙashin kanun addini da siyasa da tattalin arziki, idan kuwa haka ne a naku, manufarki ta biyu ta koma 'yar'uwar ta farko. Ki ba su abin da littafin bai rarraba ba. Misali, ki gaya musu cewa Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana maza ɗaura rawani da hana mata lulluɓi, ya kuma hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, sannan ki tambaye su a wane gida za su sa wannan. Wasu za su ce addini ne, tunda a kan addini aka yi dokar. Wasu za su ce siyasa ce, domin rawanin ya zama alamar da jama'ar Shehu suke gane junansu da ita, sarki kuwa yana tsoron yawansu. Kada ki yi saurin raba gardamar. Haka nan jangali, ki bar su su gano da kansu cewa kuɗi ne, amma kuma iko ne. Yaron da ya ce dalili guda yana iya shiga gida biyu, ya kuma kawo hujja, ya wuce abin da kika rubuta, sai ki ba shi makinsa.

Manufa uku sun ishe ki a minti arba'in, kada wani ya sa ki cusa matakai shida a darasi ɗaya. A tsawon zango ake neman a ga an ratsa su.

Malamin lissafi na babbar sakandare

Baba, maganar zango ta kawo mu ga jarrabawa, wadda ita ce take yanke hukunci a zahiri. Komai kyan manufar da aka rubuta, yara abin da za a tambaye su suke karantawa. Ni kafin in shirya jarrabawar ƙarshen zango nakan ja jadawali, batutuwa a gefe, matakai a sama, in rubuta makin da kowane gurbi zai ɗauka, in kuma tabbata ba duka suka taru a layin farko ba. Sai dai mu masu azuzuwan ƙarshe muna da wata matsala ta daban. Tambayoyin WAEC da NECO da yawa an shirya su ne don auna aiwatarwa, amma mukan ɗauki tambayoyin shekarun baya mu yi ta maimaita wa yara har su gane tambaya daga kalmominta uku na farko. Da hannunmu muke mayar da aiwatarwa tunawa, yaro ya ci jarrabawa, ya je jami'a a juya masa tambayar kaɗan ya tsaya cak. Ban ce a daina bitar tsofaffin tambayoyi ba, iyaye ma ba za su yarda ba, amma duk tambayar da aka warware, a biyo ta da wata da aka juya: a ba da amsa a nemi abin da aka fara da shi, ko a saka bayanin da ba a bukata a ga wanda zai gane ya watsar da shi.

Malami a kwalejin ilimi

Abin da Baba ya faɗa game da yaron da ya wuce abin da aka rubuta, da tambayar ɗan'uwanmu na Maraɗi, suna nuna iyakar tsarin Bloom: yana rarraba abin da malami ya nema, ba abin da ɗalibi ya kawo ba. Wannan giɓin ne John Biggs da Kevin Collis na Ostareliya suka nemi cikewa a 1982 da tsarin da ake kira SOLO, wanda yake duban amsa maimakon tambaya. Matakansa biyar ne. Akwai amsar da ba ta taɓa batun ba, akwai wadda ta kama abu guda, akwai wadda ta jero abubuwa da yawa ba tare da ta ƙulla su ba, akwai wadda ta ƙulla su suka zama bayani guda, sannan akwai wadda ta wuce batun ta fito da ƙa'idar da za ta yi aiki a wani wuri. A tambayar randa ta Malama, wanda ya ce "saboda ta ƙasa ce" ya kama abu guda. Wanda ya ce ta ƙasa ce, tana da danshi, kuma iska tana kaɗa ta, ya jero uku. Wanda ya ce ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta ƙafar da shi, ƙafewar ta ja zafi daga ruwan ciki, ya ƙulla. Wanda ya ƙara da cewa ashe abin da gumi yake yi wa jikin mutum ke nan, ya kai na biyar. Tambaya guda ce, kuma ana iya sauraron amsar da kowane harshe.

Malamar kimiyya

Malam, na yarda wannan ya fi dacewa da abin da nake gani a takardun yara, musamman bambancin mai jerowa da mai ƙullawa, domin tsarin makinmu na yanzu maki ɗaya yake ba kowane batu, don haka wanda ya jero biyar ba haɗi yana cinye wanda ya ƙulla uku. Sai dai a tuna cewa azuzuwa huɗu nake ɗauka, kuma ana son sakamako cikin mako guda bayan jarrabawa. Abin da zan iya shi ne in ware tambaya ɗaya tak a kowace jarrabawa in duba ta da wannan ma'aunin, maki goma: huɗu ga batutuwan da aka ambata, huɗu ga yadda aka ƙulla su, biyu ga wanda ya kai abin wani wuri da ban koyar ba. Sauran tambayoyin su tafi yadda aka saba. Idan akwai wanda yake da tsarin maki irin wannan na tarihi ko na Hausa, ya turo mu kwatanta kafin mako na goma, domin a lokacin ake karɓar tambayoyinmu.